YADDA ZA A CIYAR DA IYALI LOKACIN DOGON HUTU BA TARE DA CIN BASHI BA

Kowace shekara, daga ƙarshen watan Yuli zuwa cikin Satumba, makarantun boko a Jihar Kano suna ba da dogon hutu. Hutun yakan kai mako shida ko fiye. Yara suna murna da shi. Amma ga mai gida da uwar gida, lokaci ne na lissafi.

Dalili kuwa shi ne, baki yana ƙaruwa a gida. 'Yan makarantar kwana sun dawo. Yaron da yake wuni a aji yanzu yana wuni a tsakar gida, motsi kaɗan ya ce yunwa yake ji. Ga kuma 'ya'yan 'yan uwa da ake aikowa hutu. Tukunyar da take isar mutum shida sai ta koma ciyar da mutum tara ko goma.

Wani abin lura shi ne, hutun yana faɗowa a tsakiyar damina. A watan Agusta hatsin bara ya ja baya a rumbu, sabo kuwa bai iso gida ba. A wannan lokaci ne gero da dawa da masara suka fi tsada a kasuwa. Itace yana jiƙe, gawayi yana tashi, tumatir yana wuya. Gidan da bai yi shiri ba, kafin a koma makaranta sai ya ci bashi, ko a sayar da akuya, ko yara su rame. Shi ya sa Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya.

MISALI DAGA ƘOFAR KABUGA

Ƙofar Kabuga ɗaya ce daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar Kano. Tana yamma da birni, kusa da tsohuwar harabar Jami'ar Bayero. Ta nan Turawa suka shiga Kano a shekarar 1903. Ta nan kuma hanyar Gwarzo ta fita, ta bi ta Rijiyar Zaki da Janguza da Rimin Gado.

Wannan hanya ita ce ta haɗa birni da ƙauye. Ta ita ake shigo da itace da nono da ganye da hatsi. Ta ita kuma ake tura yaran birni hutu wajen kakanninsu. Saboda haka matsalar abincin hutu ta shafi mutumin Kabuga, ta kuma shafi ɗan uwansa na Kabo ko Tofa ko Ƙaraye.

Bambancin shi ne, yawancin mazauna kewayen Ƙofar Kabuga ba su da rumbu. Ma'aikata ne, da 'yan kasuwa, da masu sana'ar hannu. Komai saye suke yi. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya tashi, abinci ya bi shi. A watan Yuni na 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a shekara guda. Ma'ana, abincin da aka saya naira 100 a 2023 ya koma naira 140 ko fiye. Dabarun da irin waɗannan gidaje suke bi don su tsallake hutu lafiya za su yi wa mutumin karkara amfani. Shi ma ya fi su sauƙi, don yana da gona da ganye a bayan gida.

MATAKI NA FARKO: A ZAUNA A YI LISSAFI

Kafin a ba da hutu da mako biyu, mai gida da uwar gida su zauna. A ɗauko takarda da fensir. A rubuta yawan mutanen da za su ci abinci a gidan. A rubuta abin da yake cikin rumbu ko buhu. A rubuta kuɗin da ake sa ran samu.

Ga misali. A ce gida yana cin kwano 1 na hatsi kullum. Da hutu ya zo sai ya koma kwano 1 da rabi. Mako 6 kwana 42 ke nan. Kwano 1 da rabi sau 42 ya ba da kwano 63. Babban buhu galibi yana cin kwano 40. Ashe gidan yana buƙatar buhu 1 da kwano 23. In kuma ana dafa rabin kwanon wake sau 4 a mako, ana buƙatar kwano 12 na wake har ƙarshen hutu.

Wanda ya san wannan lissafi ba zai wayi gari ya ga buhu ya kwanta ba shiri ba. Nan ne amfanin karatun manya yake fitowa fili. Tun a shekarar 1980 Jihar Kano ta kafa Hukumar Ilimin Manya don mutum ya iya rubuta irin wannan da hannunsa.

MATAKI NA BIYU: A SAN INDA ZA A SAYA

Sayen gwangwani-gwangwani a kantin unguwa shi ne yake cinye kuɗi. Wanda ya sayi kwano ya fi shi samun sauƙi, wanda ya sayi buhu ya fi su duka.

Mutumin Kabuga yana da kasuwanni da dama. Dawanau, a kan hanyar Katsina, ita ce babbar kasuwar hatsi da wake da gyaɗa. 'Yankaba ita ce ta kayan miya da ganye. Kasuwar Rimi a cikin birni tana da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da kayan yaji. Mutumin ƙauye kuwa ya jira ranar kasuwar garinsu.

Amma a lura da kuɗin mota. Ba riba ba ce mutum ya je Dawanau don kwano biyu. Abin da ya fi shi ne maƙwabta uku ko huɗu su haɗa kuɗi, mutum ɗaya ya je ya sayo buhu, a zo a raba. Mata masu adashi ma suna iya shirya kwasarsu ta faɗo gab da hutu.

Wajen saye a duba da kyau. Kada a sayi gyaɗa ko masara mai funfuna don arha, gubar da take ciki tana lalata hanta. Kada a sayi wake mai warin maganin ƙwari. A sayi gishiri mai sinadarin ayodin, wanda yake hana maƙoƙo. Tun 1993 doka ta ce a riƙa sa shi a gishirin da ake sayarwa a Nijeriya.

MATAKI NA UKU: A HAƊA ABINCI KALA UKU

Cika ciki daban, gina jiki daban. Abinci ya kasu gida uku.

Na ɗaya, masu ba da ƙarfi: gero, dawa, masara, shinkafa, rogo, dankali da mai.

Na biyu, masu gina jiki: wake, waken suya, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, nono, ƙwai, kifi da nama.

Na uku, masu kare jiki daga cuta: zogale, kuka, rama, alayyafo, yakuwa, lalo, tafasa, kabewa, gwanda da lemo.

A yi ƙoƙari kowace rana yaro ya samu wani abu daga kowane gida. Ba dole sai da nama ba. Wake ko gyaɗa in sun haɗu da hatsi suna cike gurbin juna, jiki ya samu abin gini. Waken suya ya fi duk sauran wake wannan sinadari, kuma ya fi nama arha nesa ba kusa ba.

Damina tana tsauwala hatsi, amma tana sauƙaƙa ganye. Zogale da rama da tafasa suna ko'ina. To, a ci moriyarsu. Tuwo kaɗan da ganye mai yawa ya fi malmala uku da miyar da ba komai cikinta.

TSARIN MAKO GUDA

Ga tsarin da gida zai iya kwafa a takarda ya liƙa a bangon madafi. Kowa ya gyara shi daidai ƙarfinsa. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Asabar: safe, koko da ƙosai. Rana, garau-garau da mai da yaji. Dare, tuwon masara da miyar kuka.

Lahadi: safe, ɗumame. Rana, ɗan wake. Dare, tuwon dawa da miyar ɗanyar kuɓewa.

Litinin: safe, kunun gyaɗa. Rana, dambu da zogale. Dare, tuwon masara da miyar alayyafo.

Talata: safe, ɗumame. Rana, faten wake da ganye. Dare, burabusko da miyar taushe.

Laraba: safe, kunun tsamiya da awara. Rana, kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli, da dafaffen rogo. Dare, tuwon dawa da miyar kuka.

Alhamis: safe, ɗumame. Rana, alale. Dare, faten tsaki da yakuwa.

Juma'a: safe, koko da ƙosai. Rana, dafa-duka da busasshen kifi. Dare, fura da nono, ko gurasa da ƙuli-ƙuli.

A wannan tsari shinkafa sau biyu kawai ta fito, don ita ce mai tsada. Kifi ko nama a ajiye shi sai Juma'a, yara su riƙa ɗokin ranar. Wake ko gyaɗa kuwa sun fito kusan kullum.

DABARUN RAGE KASHE KUƊI

A yi niƙa sau ɗaya a mako maimakon kullum. A shanya garin ya bushe sosai kafin a rufe shi, don danshin damina yana ɓata gari.

A jiƙa wake tun dare. Waken da ya jiƙu yana saurin dahuwa, itace ya yi saura. A rufe tukunya in ana dafuwa. A ajiye itace a ƙarƙashin rumfa kada ruwa ya dake shi. Kada a cika kanwa, don yawanta yana kashe wasu sinadarai masu amfani a wake da ganye.

In ɗanyen tumatir ya yi tsada, a koma busasshe. Da rani ne tumatir yake arha, lokacin da manoman Kura da Kadawa da Bunkure suke ɗiba. Gidan da ya yanka ya shanya a lokacin, shi ne yake hutawa da damina. Miyar kuka da ta kuɓewa da ta lalo kuwa ba ruwansu da tumatir. Daddawa da ɗan barkono sun wadatar.

A yi awara a gida. A jiƙa waken suya, a markaɗa, a tace, a tafasa ruwan sosai. A zuba ruwan tsami har ya dunƙule. A juye a ƙyalle mai tsabta, a danne da abu mai nauyi, a yanka, a soya. Dusar kuma a ba dabbobi.

A rage ba yara kuɗin kashewa. Naira kaɗan-kaɗan da ake ba su don alewa da biskit, in aka tara ta mako guda, za ta sayi wake. Dafaffiyar gyaɗa ko gasasshiyar masara ta fi musu amfani.

ƘANANAN YARA DA MASU JUNA BIYU

In ana cin abinci a kwano ɗaya, manyan yara suna riga ƙanana. Don haka yaron da bai kai shekara biyar ba a zuba masa nasa daban, a zauna kusa da shi har ya ci. Cikinsa ƙarami ne, yana buƙatar ci sau huɗu ko biyar a rana. A dama masa kunu mai kauri na gero da soyayyen waken suya da gyaɗa. Jariri kuwa nonon uwa kaɗai ya ishe shi har wata shida. Mai juna biyu da mai shayarwa a ƙara musu wake da ganye, su ne suke ƙara jini.

TSABTA

Damina lokacin amai da gudawa ne. A shekarar 2021 cutar kwalara ta kashe dubban mutane a Nijeriya, Kano kuma tana cikin jihohin da abin ya fi shafa. Kuɗin da aka tattala a kasuwa kada a je a zubar da shi a asibiti.

A wanke hannu da sabulu kafin girki, kafin cin abinci, da bayan an fito daga bayan gida. A wanke ganye da ruwa mai tsabta. A rufe abinci saboda ƙuda. Ɗumame a tabbata ya yi zafi har cikinsa, miya kuma ta tafasa. Abincin da ya canza wari a zubar. Ruwan da ba a yarda da shi ba a tafasa shi. In yaro ya fara gudawa, a ba shi ruwan gishiri da sukari, a garzaya da shi asibiti. Rigakafi ya fi magani.

KOWA DA AIKINSA

Hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Hutu dama ce ta koya wa yara aiki, maza da mata. Wani ya tsince wake, wani ya zage zogale, wani ya kai niƙa. Ɗan makaranta shi zai riƙe takardar lissafi, kullum ya rubuta abin da aka auna da abin da ya rage. Ta haka karatunsa ba zai kwanta ba.

A kuma ba yara tsohon buhu ko fasasshen bokiti su cika da ƙasa da taki, su shuka alayyafo. Cikin mako huɗu zuwa biyar ya isa yanka. Ko a gidan haya a Kabuga ana iya yin wannan.

Mai aiko da 'ya'yansa hutu shi ma ya tuna da masu masauki. Ɗan birni ya haɗo su da sabulu da mai da gishiri. Ɗan ƙauye ya haɗo su da ɗan gero ko kuka. Zumunci ya fi daɗi in ba a ɗora wa wani nauyi ba.

Daga ƙarshe, a ajiye takardar lissafin bana. In kaka ta yi, hatsi ya sauko, sai a duba ta a san abin da za a ware tun da wuri saboda hutun baɗi. Allah ya ba da damina mai albarka, ya sa yara su koma makaranta cikin ƙoshin lafiya, amin.