Kafin ka ce "ba sabis", duba inda ka ajiye rawuta

Bayan sallar isha'i a Babura, ɗalibi ya zauna zai sauke darasi a waya, sai ƴar da'irar nan ta yi ta juyawa. Ya yi tsaki ya ce ba sabis. Amma laifi tudu ne: rawutar tana ƙuryar ɗaki, bayan jeren kwalla, ƙarƙashin rufin kwano.

A wannan yanki, daga Babura zuwa Kazaure, Roni da Gwiwa, yawancin rawutocin gida sim ake sa musu. Saboda haka tafiyar data zango uku ce: daga waya zuwa rawuta, daga rawuta zuwa ƙarfen sabis, daga nan zuwa duniya. Gane zangon da aka maƙale shi ne rabin gyara.

Fara da gida. Ƙarfe yana mayar da siginar rediyo baya, katangar ƙasa mai kauri kuma tana shanye ta. Ɗora rawutar a sama, kusa da tagar da ke fuskantar ƙarfen sabis, amma ban da cikin rana, domin a zafin Afrilu na'ura kan rage gudu don kada ta lalace. In tana da tasha biyu, ta 2.4 GHz ta fi ratsa bango, ta 5 GHz ta fi sauri a kusa. Sannan ka ƙirga wayoyin da ke kanta. Lambar sirrin da ka ba ƙaninka, wataƙila duk majalisarsu ta haddace ta. Canza ta.

In abin bai sauya ba, cire sim ɗin ka sa a waya, ka fita tsakar gida. In ya yi gudu, matsalar ta rawuta ce. In da asuba yana tashi kamar iska, da dare kuma ya kwanta, to jama'a ne suka yi wa ƙarfen yawa.

Wani lokaci kuwa abin ya fi ƙarfin kowa a gari. Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama, har da Najeriya. Irin wannan sai haƙuri. In kuma kamfaninka ya ƙi sauraron kukanka, hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, tana da lambar kyauta, 622. Sai dai kafin ka buga, fito da rawutar daga bayan kwalla tukuna.