Tarin Fukan Kaluluwa: Yadda Ake Gano Shi a Jikin Manya

Tarin fukan kaluluwa ciwo ne da ke samuwa idan ƙwayar tarin fuka ta yi sansani a cikin kaluluwa, wato ƙananan ƙululun nan da ke wuya da hammata da matsematsi da cikin ƙirji, waɗanda aikinsu tare ƙwayoyin cuta kafin su bazu cikin jiki. Ƙwayar ita ce dai wadda Robert Koch ya gano a Jamus a shekarar 1882. Yawanci ta numfashi take shiga, daga huhu ta bi magudanar jiki ta sauka a kaluluwa, inda takan yi shekaru a kwance kafin ta motsa. Jefi-jefi kuma akan ɗauki 'yar'uwarta ta shanu ta hanyar shan madarar da ba a tafasa ba. Bayan huhu, kaluluwa na daga wuraren da cutar ta fi kamawa, kuma ta wuya ce kan gaba.

A unguwannin zangon Kumasi da ke Gana, irin su Aboabo da Sabon Zongo da Asawase da Akwatia Line, gida guda kan ɗauki iyalai da yawa, ɗakuna a matse, iska ba ta ratsawa sosai. A irin wannan zama ne ƙwayar ta fi samun hanyar yaɗuwa. Binciken da aka yi a faɗin Gana a 2013 ya nuna masu tarin fuka sun kai wajen ninki huɗu na abin da ake ƙiyastawa a da, wanda ke nufin da yawa suna yawo da ciwon ba a sani ba. Mai tarin fukan kaluluwa ya fi saurin ɓacewa cikin waɗannan, domin sau da yawa ko tari ba ya yi.

Ciwon kan fara da ɗan ƙullutu a gefe guda na wuya, mai ɗan tauri, yana motsi ƙarƙashin yatsa, ba zafi ba raɗaɗi. Cikin makonni ko watanni yakan girma, wasu su fito kusa da shi, su manne da juna su zama dunƙule ɗaya. Daga nan tsakiyarsa ta yi laushi ta tara mugunya, amma idan aka taɓa ba za a ji ɗumin da aka saba ji a maruru ba. In an bar shi, sai fatar ta yi siriri ta fashe, ta bar ƙaramar ƙofa mai tsiyayar ruwa, ta rufe yau ta buɗe gobe, ta bar tabo mai tattara fata. Wasu suna haɗawa da zazzaɓin yamma, gumin dare, rama da rashin son abinci. Wasu kuwa, ban da kumburin, garau suke.

Wannan rashin ciwo shi ne babban abin da ke jawo jinkiri. Mutum kan fara da kemis, ya koma wa mai maganin gargajiya, wani lokaci wanzami ya yi masa tsaga, kuma tsagar ce ke mai da kumburin gyambo mai wuyar warkewa. Maganin kemis ma yana da tasa illar: irin su sifirofulokzasin da lebofulokzasin suna ɗan danne ƙwayar tarin fuka ba tare da sun kashe ta ba, sai kumburin ya lafa, gwaji ya rikice. Ƙa'idar likitoci ita ce, kaluluwar babban mutum da ta wuce mako uku zuwa huɗu ba ta sauka ba, ko take ƙara girma, tana bukatar bincike.

Binciken yana farawa da tambaya da lalube. Likita zai so sanin tsawon lokacin da kumburin ya ɗauka, ko akwai mai tari a gida ko wurin sana'a, ko an taɓa shan maganin tarin fuka, ko akwai ciwon suga. Zai duba baki da haƙora da maƙogwaro da kunne da fatar kai, domin ruɓaɓɓen haƙori kaɗai ya isa ya tayar da kaluluwa. Zai laluba hammata da matsematsi da ciki. Sai hoton ƙirji, da gwajin majina ga wanda ke iya fitar da ita, saboda wasu huhunsu ma ya kamu ba su sani ba, kuma su ne ke iya yaɗa ciwon. Wanda nasa ya tsaya a kaluluwa kaɗai ba ya harbin mutane ta numfashi. Gwajin ƙanjamau wajibi ne, domin tarin fukan da ke kama wasu sassan jiki ban da huhu ya fi yawa ga wanda garkuwar jikinsa ta raunana, kuma sakamakon yana sauya tsarin magani.

Duk da haka, hannun likita komai gwanintarsa ba ya raba tarin fuka da ciwon daji. Dajin kaluluwa yana zuwa da kumburi marar zafi, da gumin dare, da rama, daidai irin na tarin fuka. Dajin bayan hanci ko na maƙogwaro kan fara bayyana a wuya, ƙullutu mai tauri a saman ƙashin wuya na hagu kuwa yakan zama saƙo daga dajin ciki. Gwajin fata, wanda ake karantawa bayan awa 48 zuwa 72, da takwaransa na jini, abin da suke nunawa kawai shi ne jiki ya taɓa haɗuwa da ƙwayar, kuma a ƙasa kamar Gana manya masu yawa sun haɗu da ita suna nan lafiya lau. Hoton na'urar sikanin yana nuna ko cikin kaluluwar ya narke, yana kuma nuna wa allura hanya, amma ba ya yanke hukunci. Hukuncin yana cikin kaluluwar kanta, sai an ɗebo an duba.

Hanya mafi sauƙi ita ce zuƙo da siririyar allura. Ana goge wurin, likita ya riƙe ƙullutun tsakanin yatsu biyu, ya soka allurar ya ɗan kai ta ya kawo, ya zaro. Aikin 'yan mintuna ne, ba kwanciya, zafinsa bai wuce na ɗibar jini ba. Abin da ya fito wani lokaci ɗigo ne kawai, wani lokaci farin abu ne mai kauri kamar dagargajajjen wagashi, wanda shi kansa alama ce mai ƙarfi. Ana shafa wani a gilashi a rina shi don duba fasalin ƙwayoyin jiki da neman ƙwayar cutar a madubin awo. Sai dai ƙwayar ba ta da yawa a kaluluwa, saboda haka rashin ganinta a madubi bai wanke mutum ba.

Nan ne na'urar GeneXpert ta kawo sauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a ƙarshen 2010 don gwajin majina, a 2013 kuma ta faɗaɗa amincewar zuwa abin da aka ɗebo daga kaluluwa. Tana neman ƙwayar halittar cutar, ta ba da amsa cikin kimanin awa biyu, ta kuma faɗi ko ƙwayar tana bijire wa rifamfisin, ƙashin bayan maganin tarin fuka. Idan ta ce akwai, to kusan babu shakka. Idan ta ce babu, tana iya yin kuskure. Akwai kuma shukar ƙwayar a ɗakin gwaji, wadda ke ɗaukar daga mako biyu har zuwa takwas. A Afirka ta Yamma akwai nau'in da ake kira Mycobacterium africanum, wanda masu bincike na Cibiyar Noguchi da ke Legon suka nuna yana haddasa kusan kashi ɗaya cikin biyar na tarin fukan Gana, kuma ya fi jinkirin tsirowa.

Idan allura ba ta ba da amsa ba, ko ana zargin daji, sai a yi ƙaramar tiyata a ciro kaluluwa guda ɗungurungum. An fi son haka da yanko gefenta, domin yankan kan bar ƙofar da ba ta rufuwa. Wani ƙaramin abu da ke ɓata aiki shi ne zuba naman duka cikin ruwan fomalin, wanda ke kashe ƙwayar. Daidai shi ne a raba biyu, kashi ɗaya a fomalin don masu duba nama, ɗayan a ruwan gishiri don shuka da GeneXpert. A Kumasi, irin wannan aiki yawanci yakan kai mutum Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye, wanda mutanen gari ke kira Gee, bayan ya fara da asibiti na kusa kamar na Manhyia ko na Tafo. Maganin tarin fuka kyauta ne ƙarƙashin shirin ƙasa da aka kafa a 1994, ko da yake duba nama da hotuna na iya cin kuɗi.

Wani lokaci likita kan fara magani bisa zato mai ƙarfi ba tare da hujjar gwaji ba. Hakan yana da wurinsa, amma yana da haɗari: mai dajin kaluluwa na iya shafe watanni yana haɗiyar maganin da ba nasa ba. Saboda haka duk wanda aka ɗora a kan zato, in wata biyu ya cika ba sauƙi, ya kamata a koma a ciro nama.

Maganin na wata shida ne: wata biyu na farko da magunguna huɗu, wata huɗu da biyu. Fitsari kan koma ja-ja saboda rifamfisin, wannan ba komai ba ne. Idon da ya koma rawaya ko yawan amai kuwa na bukatar komawa asibiti nan take. Kusan mutum ɗaya cikin biyar kan ga kaluluwar ta ƙara kumbura, ko sabuwa ta fito, ana tsakiyar magani. Yawanci garkuwar jiki ce ke farfaɗowa, kuma likita ne zai tantance, ba dalilin daina shan magani ba ne. Ɗan tauri ko tabo kan rage a wuya ko bayan an warke sarai.