Launin Kifi Shi Ne Bakinsa

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Kifi ba ya kuka kamar akuya, ba ya tari kamar kaza. In yana da damuwa, a fatarsa za mu gani.

Tun da aka gina madatsun ruwa irin su Thomas a wajen Dambatta da Watari a Bagwai, cikin shirin da Gwamna Audu Bako ya fara a zamanin mulkinsa, 1967 zuwa 1975, kifi ya matso kusa da mu manoma. Yau matasa da mata da dama suna kiwon tarwaɗa a tankin siminti ko na roba a bayan gida. Wani ma kuɗin gyaɗarsa ya zuba a ciki. To, 'yan'uwa, ya kamata mu iya karanta jikin abin da muke kiwo.

A fatar kifi akwai 'yan ƙwayoyin launi. In sun bazu sai ya yi duhu, in sun dunƙule sai ya yi fari-fari. Inda aka fi ganin wannan a fili shi ne wajen wani ɗan kifin ado mai suna beta, wanda bai wuce tsawon yatsa ba. Asalinsa fadamun shinkafa na ƙasar Tailan, har ma a 2019 ƙasar ta ɗauke shi a matsayin dabbar ruwanta ta ƙasa. Masu ajiye shi a kwalba sun san in ruwa ya yi sanyi ƙasa da digiri 24, ko ya ƙazantu, jansa da shuɗinsa sukan koɗe, wani lokaci zane-zane su fito daga kai zuwa wutsiya. Amma akwai irin da ake haifa da gadon sauya launi, yana rikiɗa cikin 'yan watanni, kuma lafiyarsa lau.

Haka abin yake ga namu na gida. Tarwaɗar da ta zauna a ruwan laka baƙa ce, wadda ta zauna a tanki mai haske takan yi toka-toka. Wannan ba ciwo ba ne. Namijin karfasa shi ma yakan yi ja-ja lokacin barbara. Muddin kifi yana rububin abinci, kada mu ɓata kuɗi a kan magani.

Abin tsoro shi ne launi ya sauya farat ɗaya, kifi kuma ya ƙi ci. In mun ga tarwaɗa ta koɗe, ko fararen tabo sun fito mata, ko ta tsaya a tsaye a saman ruwa kai sama, mu fara duba ruwan. Mu kama ɗaya, mu ɗaga murfin kunnenta. Naman da take numfashi da shi ja ne wur in tana lafiya. In ya koma ruwan ƙasa, kashi da ragowar abinci sun gurɓata ruwan ke nan.

Lokacin da ya fi haɗari a wajenmu shi ne hunturu, Disamba da Janairu. Waɗannan kifaye duk na ƙasar zafi ne, sanyin dare yana kashe musu ci. Mu kare tanki da zana ta gabas da arewa, inda iska ke fitowa, mu rufe shi da dare. Mu rage abinci, mu ba su sai rana ta ɗaga. In za mu sauya ruwa, mu kwashe kashi ɗaya cikin uku, mu cika da sabon ruwan rijiya, domin da safe ya fi wanda ya kwana a waje ɗumi.

Wanda ya saba leƙa tankinsa safe da yamma, shi zai ga canji tun kifi ɗaya bai mutu ba.