Tsohon Akwatin Rediyo a Matsayin Kayan Tarihi

Idan aka ce kayan tarihi, hankalin ɗalibi yakan tafi ga takubba da sulke da tambura, ko ga zanen shanu da mutanen dā suka bari a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa a Birnin Kudu, wanda masana suka fara nazarinsa a shekarun 1950. Amma abin da aka yi amfani da shi jiya ma kayan tarihi ne, muddin ya sauya rayuwar al'umma. Ta wannan fuska, da wuya a sami baƙon abu da ya shiga jinin Bahaushe kamar akwatin rediyo.

A Amurka da Turai akwai mutanen da suka mayar da tara tsofaffin akwatunan rediyo abin sha'awarsu. Sun fi neman na roba waɗanda ake ɗorawa a kan tebur. Robar farko da aka yi irin waɗannan akwatuna da ita ita ce Bakelite, wadda Leo Baekeland ya ƙirƙiro a 1907, mai launin baƙi ko ƙasa-ƙasa. Daga baya aka sami Catalin mai launuka masu ɗaukar ido, wadda aka yi yayinta a shekarun 1930 da 1940. Ita wannan tana da wani hali: hasken rana yakan mayar da fararta ruwan ɗorawa, kuma tana tsagewa idan ta tsufa, shi ya sa wadda ta tsira lafiya take tsada.

Irin waɗannan akwatuna ba su yawaita a karkarar ƙasar Hausa ba, domin suna buƙatar wutar lantarki. Ko a birnin Kano, rediyon da aka fara a 1944 ta waya ake jawo shi zuwa lasifikoki. Abin da ya kawo sauyi shi ne taransista, wadda aka ƙirƙiro a Amurka a 1947. Ita ta ba da damar ƙera ƙaramin akwati mara nauyi mai aiki da batir, wanda ya fara shiga kasuwa a 1954. Zuwansa ya yi daidai da buɗe tashoshin Hausa: BBC a 1957, Rediyon Kaduna a 1962, Muryar Jamus a 1963, sai Muryar Amurka a 1979.

Daga nan akwatunan National da Philips da Sony suka bazu har ƙauyukan Gwaram. Alhazai sukan zo da su tsaraba daga Makka, ma'aikata kuwa suka saye su da yawa da kuɗin Udoji a 1975. Manomi yakan rataya nasa a reshen bishiya yana noma, makiyayi ya saɓa nasa a kafaɗa, wani ma har ya kai wa baduku ya ɗinka masa rigar fata. Mai shayi da ke da rediyo ba ya rasa jama'a da safe. Ta cikin waɗannan akwatuna mutane suka ji labarin kisan Sardauna a 1966, da na Janar Murtala a 1976, da ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. Ta nan kuma waƙoƙin Mamman Shata da wasan Samanja da gaishe-gaishen Zaɓi Sonka suka isa ga wanda bai taɓa shiga aji ba, kuma Daidaitacciyar Hausa ta ratsa kunnuwan masu kare-karen harshe daban-daban.

Duk da haka, al'adar adana su ba ta samu gindin zama ba. Da akwati ya lalace, sai a bar wa mai gyara ya cire abin da zai yi amfani da shi, ko a sayar wa 'yan gwangwan. Tun da ƙananan rediyon Sin irin su Kchibo suka cika kasuwa da araha, sannan wayar hannu ta zo da nata rediyon, gyaran tsoho ya zama asarar kuɗi a idon mutane. Abin takaici shi ne, tare da akwatin ake zubar da labarinsa.

A nan malamin Hausa yake da rawar takawa. Yana iya tura ɗalibansa gidajensu da rumfunan masu gyara, ko kasuwa irin ta Sara, su nemo tsoho ɗaya a kafa kusurwar tarihi a makaranta. Ba lallai ne ya yi magana ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a rubuta wanda ya saye shi, da shekarar, da inda aka sayo shi, da shirin da mai shi ba ya yarda ya wuce shi. Hirar da za a yi da dattijo a kan wannan darasi ce ta adabin baka, kuma za ta fito da kalmomi irin su gajeren zango, matsakaicin zango, mita, eriya da kamo tasha.

Wajen adanawa, abu na farko shi ne a cire batir, domin ruwansa yana cinye ƙarfen ciki. A nisanta akwatin daga rana da danshi, a rufe shi saboda ƙurar hunturu da kyankyasai. Kada a goge shi da fetur ko kananzir, don suna iya dusashe roba su share lambobin mita. Tsumma mai ɗan laima ya wadatar. Kada kuma a yi masa sabon fenti ko a cire rigar fatarsa.