Sankarar Bakin Mahaifa Mai Ɓuya Ciki

A ziyarce-ziyarcen da muke yi wa ikkilisiyoyi a yankin Gagarawa Tasha, Gumel, Maigatari da Sule Tankarkar, mukan tarar da uwaye masu fama da zubar jini wata da watanni ba su gaya wa kowa ba. Wasu kunya ce ta hana su, wasu kuwa sun ɗauka sanyin mata ne. Shi ya sa muka ga ya kamata mu yi bayani a kan sankarar bakin mahaifa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mata kimanin 12,000 ne suka kamu da ita a Nijeriya, kusan 8,000 kuma suka rasu.

Yadda take farawa

Bakin mahaifa yana da fata iri biyu. Akwai ta waje, wadda ma'aikaciyar lafiya ke iya gani. Akwai kuma ta cikin ƴar siririyar hanyar da ke shiga mahaifa, mai fitar da ruwa mai yauƙi. Yawancin sankarar daga fatar waje take tashi. Amma ɗaya ko biyu cikin goma daga fatar ciki suke tashi, kuma likitoci na kiran wannan iri adinokasinoma.

Mafarin kusan dukansu ƙwayar cuta ce mai suna HPV, wadda ake ɗauka ta wurin saduwa. Yawancin mutane jikinsu yakan kore ta da kansa. Idan ta zauna, sai ta riƙa ɓata fatar a hankali, yawanci shekara 15 zuwa 20, kafin ta zama sankara. Ga mace mai ƙanjamau abin yakan fi sauri. Mu sani cewa mace mai aminci ga mijinta ma tana iya kamuwa. Wannan ba sammu ba ne, ba kuwa hukuncin zunubi ba.

Alamun da za a lura da su

Jini bayan saduwa, jini tsakanin al'ada da al'ada, jini bayan mace ta daina al'ada, ko ruwa mai yawa da ke zuba kullum, wani lokaci da wari. Da fari babu zafi ko kaɗan. Idan ciwon mara da na baya suka shigo, sau da yawa cutar ta yi nisa.

Yadda ake gano ta

A ƙananan asibitoci akan shafa ruwan binega a bakin mahaifa, inda ya lalace sai ya yi fari. Gwaji ne mai amfani, amma irin da ke cikin hanya yakan ɓuya masa, kamar gara da ke cin azara ta ciki alhali waje lafiya lau. Don haka idan an ce miki ba a ga kome ba, amma jinin bai tsaya ba, ki koma, ki roƙi a tura ki gaba.

Gwajin da ke neman ƙwayar HPV kanta ya fi kama wannan iri. Idan akwai shakka, likita zai duba da madubi mai ƙara girma, ya kankaro kaɗan daga cikin hanyar, ko ya yanko ɗan ƙaramin nama. Sai a aika wa masu binciken nama a babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Sakamakonsu ne kaɗai ke tabbatar da cutar da irinta. Idan an kama ta da wuri, aiki yana iya warkar da ita.

Abin da za mu yi

Kowace mace daga shekara 30 ta nemi gwaji ko da tana jin lafiya; mai ƙanjamau kuwa daga 25. A fara tambaya a Babban Asibitin Gumel ko asibitin da ke kusa. Tun Oktoba 2023 aka soma yi wa ƴan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV kyauta, kuma Jigawa na cikin jihohin farko. Mu kai ƴaƴanmu.

Maza, idan kun sayar da riɗi ko zoɓo, ku ware kuɗin mota da na gwaji, ku kuma raka matanku. Matan zumunta, ku yi wannan magana a taronku. Mu tuna da matar nan ta Markus sura 5, wadda ta yi shekara 12 tana zubar jini, ta fito ta nemi taimako. Za mu yi addu'a, za mu kuma je asibiti. Ubangiji ya ba mu lafiya. Amin.