Dutsi da Karkarar Arewa: Abin da Mai Ziyara Zai Nema

Matafiyin da ya taso daga Yamai ya nufi gabas bisa babbar hanyar da ke zuwa Birnin Konni da Maraɗi, bayan ya wuce Dosso, zai iso Dogon Dutsi ya yi tafiyar sama da kilomita 270, kuma tun daga nesa zai hango tsaunin da garin ya samo sunansa. Yawancin masu wucewa suna tsayawa ne a tasha su ci abinci su yi salla, sannan su ci gaba suna ganin sun san Arewa, wato ƙasar da garin yake cikinta, alhali garin, duk da kasancewarsa cibiyar gunduma, bai kai ƙauyukan da ke kewaye da shi tsufa a sha'anin mulki ba. Turawan Faransa ne suka ɗaukaka shi a farkon ƙarni na 20, lokacin da suka mayar da mazaunin mulkinsu can daga Matankari, tsohuwar fadar sarakunan Arewa.

Ƙasar tana kwance ne a Dallol Mawri, wato kwarin wani tsohon kogi da ya daɗe da ƙafewa, wanda ya miƙa daga arewa zuwa kudu har ya nufi kogin Kwara, kuma saboda ruwan ƙarƙashin ƙasa ba shi da nisa a cikinsa, mutane suka jera garuruwansu a gefensa, suna noman gero da wake da damina, da rani kuma su koma lambu, inda dankalin turawa ya yi suna.

Fahimtar Arewa tana bukatar sanin cewa iko a nan ya kasu gida biyu tun asali. Gubawa, waɗanda ake ɗauka su ne suka fara sarar dajin, suna riƙe da al'amuran ƙasa da iskoki da roƙon ruwa, yayin da Arawa, masu danganta kansu da wani ɗan sarkin Barno, suka riƙe sarauta da yaƙi. Wannan rabo, wanda Marc-Henri Piault ya yi nazarinsa a littafinsa na 1970 kan tarihin Mawri, wato mutanen wannan ƙasa, shi ne dalilin da ya sa ƙauye ƙarami kamar Bagaji, mazaunin Baura, jagoran tsafin Gubawa, yake da nauyin da yawan gidajensa bai nuna ba. Haka ma Lugu, inda Sarauniya take zaune a keɓe cikin bukka, sanye da farin tufafi, ba ta da dogarai ko sojoji. Idan ta rasu, ana fitar da magajiyarta ne ta hanyar tarkama, wato a ɗauki gawar a kafaɗa a bar ta, bisa imanin masu al'adar, ta ja masu ɗauke da ita zuwa ga wadda za ta gaje ta. A nan ne kuma dutsen Tunguma yake, wanda ake kai wa ƙara domin ya bayyana mai gaskiya.

Lugu ta shiga tarihin duniya a watan Afrilu na 1899, sa'ad da rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine, wadda ta bar gawawwaki da ƙonannun garuruwa a bayanta, ta gamu da turjiyar Sarauniya Mangu da maharbanta. An ƙone garin, amma ba a kama ta ba. Littafin Abdoulaye Mamani na 1980 da fim ɗin Med Hondo na 1986 sun mayar da ita jaruma mai fada da mayaƙa, siffar da ta fi dacewa da bukatar masu kishin ƙasa fiye da matsayinta na uwar addinin gargajiya, shi ya sa baƙon da ya zo da hoton fim a zuciyarsa yakan yi mamakin ƙanƙantar wurin.

Daga kudu kuwa akwai Tibiri, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, inda sarki yake ɗauke da laƙabin Samna, kuma a Dumega ta wannan gunduma aka binne Shugaba Ibrahim Bare Mainasara bayan kisansa a 1999. Ziyarar waɗannan ƙauyuka ta fi sauƙi da sanyin hunturu, bayan an gama girbi kuma hanyoyin ƙasa sun bushe, sannan al'ada ta tanadi cewa baƙo ya fara gaida mai gari ya nemi ɗan rakiya kafin ya doshi wuraren tsafi, domin a Lugu akwai inda ba a takawa sai da izinin masu wurin.