Ko Ka Sani? Jar Wutar Da Jirgin Ruwa Ba Ya Fita Teku Sai Da Ita

Ko ka san cewa manyan jiragen ruwan nan masu dakon dubban kwantenoni, duk da rada da kwamfuta da na'urorin magana da tauraron ɗan Adam da ke cikinsu, doka ba ta yarda su bar tasha ba sai da rokoki 12 na albarushi a ajiye kusa da ɗakin tuƙi? Haka yarjejeniyar kare rayuka a teku, wadda ake kira SOLAS, ta tanada. Ban da waɗannan, kowane kwalekwalen ceto da ke rataye a jikin jirgin yana da nasa kason: roka 4, wutar riƙewa a hannu 6, gwangwanin hayaƙi 2. Duka aikinsu ɗaya ne, su sanar da duk wanda ya hango su cewa ga mutane cikin halaka.

Sai dai shekarun nan gardama ta taso tsakanin matuƙan jiragen ruwa, musamman masu ƙananan jiragen shaƙatawa a Turai da Amurka. Wasu na cewa zamanin wannan wuta ya wuce, tunda yanzu danna maɓalli ɗaya ya isa a san inda kake a duk faɗin duniya. Wasu kuma sun ce faufau, ba za su rabu da ita ba. Kafin a ce ga mai gaskiya, ya kamata a san abin da ake gardamar a kansa.

Iri uku ne. Babbar cikinsu ita ce roka mai lema. Tsawonta bai wuce kamu ɗaya da 'yan kai ba, a cire murfi, a ɗaga ta sama, a ja kunamar. Ƙa'ida ta ce dole ta tashi aƙalla mita 300, can sama sai wata 'yar lema ta buɗe, jar wutar ta riƙa saukowa a hankali tana ci har daƙiƙa 40 ko fiye, da hasken da bai gaza na kyandir 30,000 ba. Idan dare ne kuma sararin sama garau yake, ana iya hango ta daga nisan da ya haura kilomita 40. Ta biyu ita ce ta hannu, wadda ke ci na minti ɗaya, haskenta rabin na rokar, kuma an yi ta yadda ko ta nutse cikin ruwa na daƙiƙa 10 ba za ta mutu ba. Na uku gwangwani ne da ake jefawa a ruwa, ya yi ta yawo a kai yana fitar da hayaƙi ruwan goro na minti 3, domin da rana tsaka hasken wuta ba ya tasiri. Jan launin daga wani sinadari ne mai suna sitirontiyam, ƙarfin hasken kuma daga maganiziyam, kuma haɗin yana ɗauke da iskar da yake buƙata a cikinsa, shi ya sa ruwan sama ko guguwa ba sa kashe shi.

Mace ce ta fara kai wannan fasaha ga nasara. Martha Coston, 'yar Amurka, mijinta ya rasu ya bar ta da yara tana da shekara 21. Cikin takardunsa ta tarar da zanen wata hanyar yin magana tsakanin jirage da wuta mai launi, ta shafe kusan shekara 10 tana gyarawa, har ta sami lasisin mallaka a 1859, sojojin ruwan Amurka suka yi amfani da ita a yaƙin basasarsu.

To amma tun farko an san rauninta, kuma babu inda ya fito fili kamar daren 14 zuwa 15 ga Afrilu, 1912, lokacin da jirgin Titanic ya yi karo da dutsen ƙanƙara a tekun Atlantika. Ma'aikatansa sun harba rokoki. Akwai wani jirgi a yankin, Californian, wanda ya tsaya saboda ƙanƙara, kuma masu gadinsa sun ga fararen rokoki 8 suna tashi ɗaya bayan ɗaya. Sun gaya wa kyaftin ɗinsu, Stanley Lord, shi kuwa ya tambaya ko alamar wani kamfani ce, domin a wancan zamani jirage kan harba wuta don gabatar da kansu. Mai kula da rediyon jirgin ya riga ya kwanta, kuma ba wanda ya tashe shi. Wanda ya zo ceto shi ne jirgin Carpathia, da ke can nesa da kusan kilomita 90, wanda bai ga ko roka ɗaya ba amma ya ji kiran rediyo. Ya iso da asuba ya kwashi mutum 700 da 'yan kai. Fiye da 1,500 sun riga sun halaka. Daga wannan masifa aka haifi SOLAS ta farko a 1914, daga baya kuma aka tsayar da cewa jar wuta a teku ma'anarta ɗaya ce tak, kuma laifi ne a harba ta ba tare da larura ba.

Wannan dare ya ishi masu cewa a yi watsi da ita hujja. Wuta ba ta faɗin sunan jirgi, ba ta faɗin mutum nawa ne ko me ya same su. Tana buƙatar a ce akwai wani a kusa, idonsa biyu, yana kallon wajen a cikin daƙiƙoƙin nan 40, sannan ya gane abin da ya gani, sannan ya damu. Manyan jiragen yau kuwa ma'aikatansu kaɗan ne, wani lokaci mutum ɗaya ko biyu ne a ɗakin tuƙi cikin dare, rabin hankalinsu na kan allon na'ura. Maurice Bailey da matarsa Maralyn, 'yan Ingila, sun ɗanɗana wannan a 1973, bayan wata ƙatuwar dabbar teku ta fasa musu jirgi a tekun Fasifik. Kwana 117 suka yi a kan 'yar robar ceto. Jirage 7 suka wuce su, wutar da suka dogara da ita ta ba su kunya, sai daga ƙarshe wani jirgin masunta na Koriya ta Kudu ya tsince su.

Ga kuma haɗarinta. Abu ne mai fashewa, zafinsa ya wuce misali, kuma ana kunna shi ne a lokacin da mutum ke rawar ɗari, hannu a jiƙe, jirgi na tangaɗi. Narkakken ɓurɓushin da ke ɗiga daga ta hannu yana iya huda robar ceton da mutum ke zaune a kai. A 1993, a filin ƙwallo na Kadif, an harba irin wannan roka ta jirgin ruwa a ƙarshen wasan Wales da Romaniya, ta tsallaka filin ta kashe wani ɗan kallo. Sannan tana da wa'adi, galibi shekara 3 zuwa 4, bayan haka ba a amince da ita ba. Wadda ta tsufa kuma ba a jefa ta a shara, ba a zuba ta a teku, ba a harba ta don wasa. A Birtaniya, masu gadin gaɓar teku sun daina karɓar tsofaffin daga hannun jama'a a ƙarshen 2022, mai jirgi shi zai nemi inda zai biya a lalata masa.

Abin da ya canza lissafin gaba ɗaya shi ne tsarin neman agaji na duniya, GMDSS, wanda ya kankama a 1 ga Fabrairu, 1999. A ƙarƙashinsa, rediyon jirgi yana da jan maɓalli wanda idan aka danna zai aika lambar jirgin da inda yake ga duk jirage da tashoshin da ke iya jin sa. Akwai kuma wata na'ura mai suna EPIRB, wadda idan jirgi ya nutse take kuɓucewa da kanta, ta taso saman ruwa, ta fara aika saƙo zuwa taurarin ɗan Adam na tsarin Cospas-Sarsat, batirinta kuma ya yi aƙalla awa 48. Amurka da Tarayyar Sobiyet da Faransa da Kanada ne suka haɗu suka kafa wannan tsari, ana tsakiyar yaƙin cacar baka, abin da ya cancanci a yaba musu. Daga 1982 zuwa yau ya taimaka wajen ceton mutum sama da 50,000. Nijeriya ma tana ciki, cibiyarta ta karɓar saƙon tana Abuja a hannun hukumar NEMA.

A Janairun 1997 jirgin Tony Bullimore, wani ɗan Birtaniya da ke tseren kewaya duniya shi kaɗai, ya kife a tekun kudu mai tsananin sanyi, fiye da kilomita 2,000 daga Ostareliya. Ko da roka ɗari gare shi, babu mahaluƙin da zai gani a wannan wuri. Saƙon na'urarsa ne ya kai ga hukuma, jirgin yaƙin Ostareliya, HMAS Adelaide, ya taso takanas ya same shi da rai a cikin kifaffen jirgin bayan kwana 4. A irin wannan hali babu ma abin kwatantawa. Duk wanda zai zaɓi abu ɗaya tak ya fita da shi teku, to ya ɗauki na'urar.

To me ya hana a soke wutar? Ka tuna yadda ake neman mutum a filin Idi. Ka kira shi a waya, ya ce maka yana gabas da bishiyar nan, ka je wurin, ga mutane dubu, ba ka gan shi ba sai da ya ɗaga hannu. Na'urar tauraro tana kai mai ceto unguwar da kake, amma kafin ya iso awanni sun wuce, iska da igiyar ruwa sun ja ka wani wurin, kuma robar ceto a tsakanin raƙuman ruwa masu tsayin gida ɗigo ce kawai, kan mutum kuwa bai ma kai ɗigon ba. Masu ceto kan wuce mutanen da suke nema da 'yan ɗaruruwan mitoci ba su gan su ba. A wannan ɗan taƙin na ƙarshe ne jar wuta ke yin abin da babu kamarta. Hayaƙin ruwan goro kuma, ban da nuna wuri, yana gaya wa matuƙin jirgi mai saukar ungulu inda iska ta dosa, abin da yake matuƙar buƙata kafin ya sauko da igiya.

Abu na biyu, wanda a ganina ya fi nauyi, shi ne wutar ba ta buƙatar mai karɓa ya mallaki komai sai ido. Saƙon na'ura sai mai na'ura. Amma wanda ya fi kusa da kai a ranar tsautsayi yana iya zama masunci a kwalekwalen katako wanda ko oba-oba ba shi da ita, ko wani mai tafiya a bakin gaɓa. Kuma idan ruwa ya shiga jirgi, lantarki ne ke fara ɗaukewa, tsawa ma kan ƙone na'urorin jirgi gaba ɗaya a lokaci guda. Iyalin Dougal Robertson da wani abokin tafiyarsu, su 6, sun yi kwana 38 a Fasifik a 1972 bayan jirginsu ya nutse yamma da tsibiran Galapagos. Tun a kwanakin farko wani jirgi ya wuce su bai ga wutarsu ba. A rana ta 38 wutar da ta rage musu ce wani jirgin masunta na Japan, Toka Maru II, ya hango. Teku ɗaya ce da ta su Bailey, tazarar shekara ɗaya, kayan aiki iri ɗaya, amma sakamako ya bambanta.

Akwai sabon ɗan takara a tsakiya, wato fitilar lantarki mai walƙiyar SOS. Ba ta ƙuna, ba ta fashewa, yaro ma zai iya kunna ta, kuma tana yin awanni maimakon minti ɗaya. Masu gadin gaɓar Amurka sun amince ƙananan jiragen shaƙatawa su riƙe wadda aka tantance a madadin wutar dare, tare da tuta ruwan goro don rana. Wannan ci gaba ne na gaske. Sai dai ba ta tashi mita 300, saboda haka doron teku yana ɓoye ta daga wanda ke nesa, da rana ba ta da wani amfani, kuma a kusa da gari tana iya ɓacewa cikin fitilun gaɓa. Har yanzu SOLAS ba ta karɓe ta a madadin ta albarushi ga manyan jirage ba.

Waɗanda suka san aikin sun ce yawancin asarar wutar daga gaggawa take zuwa. Mutum ya firgita ya harbe duka a awar farko, babu kowa a kusa. Ƙa'idar ita ce a fara da rediyo da na'urar tauraro, a adana wutar sai an ga fitilar jirgi ko an ji ƙarar injin. Idan za a harba roka, a harba biyu da 'yar tazara, ta farko ta ja hankali, ta biyu ta ba mai kallo damar tabbatarwa da auna sashen. A ba iska baya, a miƙa ta hannu waje da jirgin, kada a kalli hasken, kuma kada a kuskura a harba roka alhali jirgi mai saukar ungulu na shawagi a sama. Sannan a karanta bayanin da ke jikinta tun ana tudu, domin kowane kamfani da irin kunamarsa, kuma cikin duhu da guguwa ba lokacin karatu ba ne.

Saboda haka amsar ita ce e, har yanzu ana buƙatar wutar, amma matsayinta ya sauka. Aikin kiran agaji daga nesa ya koma hannun rediyo da tauraron ɗan Adam, kuma duk wanda ya fita teku da wuta kaɗai a wannan zamani ya yi ganganci da ransa da na waɗanda ya ɗauka. Mai ɗan jirgin da ba ya nisa da gaɓa, in yana da rediyo da na'urar tauraro da fitilar lantarki mai kyau, yana da hujjar rage yawan rokokinsa inda doka ta ba shi dama. Wanda zai tsallaka teku kuwa, ya riƙe wutar hannu da gwangwanin hayaƙi da rokokinsa, ya duba wa'adinsu kafin ya tashi, ya kuma koya wa kowa a jirgin yadda ake kunna su.